Dodon Tokyo da Ƙurar Zamfara

Duk matashin da ke zuwa wurin masu tura fina-finai a waya a Gusau ya san Godzilla. Ya san shi a matsayin ƙaton ƙadangaren da Amurkawa ke haɗawa dambe da ƙaton biri, a rushe benaye, a watsa wuta, a tashi. Abin rage dare ne, kuma ba laifi. Sai dai dodon nan ba ɗan Amurka ba ne, ba kuma don nishaɗi aka ƙirƙiro shi ba. Japanawa ne suka haife shi a 1954, suna kiransa Gojira, a lokacin da ƙasarsu ke tsakanin makoki da fargaba. Fim ɗinsa na farko, mara launi, yana da ɗacin da ba a samu a waɗanda suka biyo baya. Ni kuwa ina ganin mu mutanen Zamfara mun fi yawancin masu kallonsa a duniya dalilin zama mu dube shi da idon basira.

Ranar 1 ga Maris, 1954, Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a tsibirin Bikini da ke Tekun Pasifik. Masananta sun yi lissafin ƙarfinsa zai tsaya wajen megaton 6, sai ya tashi da 15, kusan ninki 1,000 na wanda aka jefa wa Hiroshima. Wani ƙaramin jirgin masunta na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a cikinsa, yana kamun kifin tuna a bayan iyakar da Amurka ta shata ta ce nan haɗari ya tsaya. Da asuba suka ga haske ya keto daga yamma. Bayan 'yan sa'o'i wata farar toka ta fara sauka musu, ta shiga ido, ta shiga gashi, ta rufe daɓen jirgin. Babu wanda ya san ko mece ce, da hannu suka riƙa kwashe ta. Kafin su iso tashar Yaizu ranar 14 ga wata, fata ta soma ƙuna, gashi na zuba, amai da ciwon kai sun kama su. Mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu ranar 23 ga Satumba yana da shekara 40.

Abin da ya fi girgiza Japan shi ne kifin. Wanda masuntan suka kamo ya riga ya shiga kasuwa, kuma ba jirginsu kaɗai ke wannan teku ba. Jami'ai suka riƙa bin tashoshi da na'urar auna tururin nukiliya, ana zubar da kifi tan bisa tan, matan gida suka guji abin da shi ne cefanensu na kullum. Matan unguwar Suginami a Tokyo suka fara tattara sa hannun jama'a na neman a haramta makaman, kafin Agustan 1955 an haura miliyan 30. Shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Amurka, Lewis Strauss, ya yi zargin jirgin na 'yan leƙen asiri ne. Daga baya Amurka ta biya dala miliyan 2 da sunan jaje, ba tare da ta amsa laifi ba.

A tuna kuma, daga 1945 har zuwa Afrilun 1952 Japan na ƙarƙashin mamayar Amurka, kuma masu tace labarai ba sa barin a yi zancen bam ɗin yadda ya kamata. Mutum kusan 140,000 sun mutu a Hiroshima kafin ƙarshen 1945, amma waɗanda suka tsira sun shafe shekaru suna haɗiye maganarsu. Da yawa ɓoye kansu suke yi, don ana gudun auren su da 'ya'yansu.

Wata takwas bayan tokar Bikini, ranar 3 ga Nuwamba, kamfanin Toho ya saki Gojira. Tomoyuki Tanaka ne furodusa. Daraktan, Ishiro Honda, tsohon soja ne da ya yi zaman fursunan yaƙi a China, kuma ya ratsa ta kangon Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida a 1946. Eiji Tsuburaya ya gina ƙaramar Tokyo da hannu, gida gida, aka sa wani mutum mai suna Haruo Nakajima cikin rigar roba mai nauyin kilo kusan 100 ya tattake ta. Rurin dodon kuwa, mai kiɗan fim ɗin Akira Ifukube ya samo shi ne ta hanyar goga safar hannu ta fata mai danƙo a jikin tsirkiyar wani ƙaton goge na Turawa. Kayan aikin ke nan, roba da kwali da dabara.

Wanda ya zo kallon ɓarna zai ƙosa, domin dodon ba ya leƙowa sai an yi nisa. Fim ɗin ya buɗe da jirgin ruwa: ma'aikata na hutawa a kan daɓe, wani na kaɗa jita, sai haske ya taso daga teku, shi ke nan. Duk Bajapanen da ke zaune a silima a wannan shekara ya san jirgin da ake nufi. Daga nan sai tsibirin Odo, ƙauyen masuntan da kifi ya ɓace musu. Wani tsoho ya ce Gojira ne, dodon da kakanni ke ba wa budurwa don ya lafa, 'yan zamani suka yi masa dariya. Masanin da aka turo, Dakta Yamane, ya bi ƙauyen da na'ura, ta ɗauki ƙara a bakin rijiya, aka ce wa mutane kada su sake ɗibar ruwanta. A ido kuwa babu abin da ya samu ruwan.

Wurin da na fi tsayawa a kai ba shi da dodo ko ɗaya. Yamane ya tsaya gaban majalisa ya ce gwajin bam ne ya tono halittar daga ƙarƙashin teku. Nan take wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce a rufe maganar, za ta ɓata dangantaka da ƙasashen waje, ta kuma tayar da hankalin jama'a. Wata 'yar majalisa ta taso masa, ta ce sam, a faɗa wa mutane abin da ke nan. Zaure ya kaure da hayaniya. Duk wanda ya taɓa bin labarin annoba a ƙasar nan ya san waɗannan mutum biyu, ya kuma san wanda ya fi yawan yin nasara.

Bayan dodon ya ƙone Tokyo, kyamara ta bar sojoji ta shiga asibiti. Mutane kwance reras a ƙasa. Wata yarinya na kuka ana ɗauke gawar uwarta. Likita ya kara na'urar a jikin wani yaro da ke zaune shiru, na'urar ta hau ƙara, likitan ya ɗago ya girgiza kai. Yaron bai san an yanke masa hukunci ba.

A labarinmu na Daura, maciji ya tare rijiyar Kusugu, baƙo ya zo cikin dare da takobi ya sare kansa, gari ya sha ruwa, aka ɗaura aure. Honda ya hana mutanensa wannan sauƙi. Igwa da jiragen yaƙi da wayar lantarki ba su yi wa Gojira komai ba. Abin da ya kashe shi wani makami ne da matashin masani Serizawa ya gano a ɓoye, mai cinye iskar da ke cikin ruwa har duk mai rai ya koma ƙasusuwa, makamin da ya fi dodon muni. Serizawa ya ƙone takardunsa, ya nutsa da makamin ƙasan teku, ya yanke igiyar da za a jawo shi da ita, don kada wata gwamnati ta matse shi ya sake ƙera shi. Ko a hakan ba a yi shewa ba, Yamane ya ce muddin ana gwajin bam, wani dodon zai fito. Shi kansa Gojira abin tausayi ne. Yana kwance a mazauninsa bai tsokani kowa ba aka tayar da shi, kuma masu nazari sun daɗe suna cewa kaushin fatarsa tabon ƙunar waɗanda suka tsira daga bam ne.

Da fim ɗin ya isa Amurka a 1956, sai aka yi masa aski. Aka cusa ɗan wasansu Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, aka yanke mafi yawan wuraren da ke nuna yatsa ga gwajin bam, har da cacar bakin majalisa. Sai a 2004 aka nuna asalin fim ɗin sosai a silimomin Amurka. Mai ƙarfi ya karɓi dodon, ya yi watsi da ƙarar da aka shigar a kansa.

Kada wani ya ce zancen nukiliya na mutanen nesa ne. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, mai ƙarfin kiloton 70, fiye da ninki huɗu na Hiroshima. Lokacin hunturu ke nan, sa'ad da iska ke kwaso ƙurar Sahara tana sauke mana a Sakkwato da Gusau da Katsina. Taswirar sojan Faransa da ta fito fili bayan fiye da shekara 50 ta nuna burbushin ya bazu a sararin Afirka ta Yamma. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disambar 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wata uku kacal da samun 'yanci, ta kori jakadan Faransa Raymond Offroy daga Legas a Janairun 1961, ta hana jiragen sama da na ruwa na Faransa shigowa. Abin alfahari ne, kuma ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda ake yi.

A ƙetaren iyaka kuma akwai Arlit ta Nijar, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971 don kunna fitilun Faransa. Da aka rufe mahaƙar Cominak a Maris 2021, an bar tulin sharar ma'adini mai tururi kusan tan miliyan 20 a kusa da gari. Amina Weira, 'yar wani tsohon ma'aikacin haƙar yuraniyom, ta yi fim a kan garinsu a 2016, La Colère dans le vent, inda ta saurari mutanen da ke shaƙar wannan iska. Nijar dai ta samu mai ɗaukar kyamara.

Namu dodon daga rami aka haƙo shi. A farkon 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke yawon sa ido kan sanƙarau suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya shiga jijjiga, ya suma, ya tafi. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, ba su yi ba. Idan wata uwa ta ce iska ce ta nemi rubutu da turare, ba ni da bakin zarginta, tunda su likitocin ma sai da aka aika jini ƙasar waje kafin su tabbatar. Gubar dalma ce.

Hanyar da ta bi ta shiga gidaje ita ce abin lura. Farashin zinare ya haura dala 1,000 kowace oza, manomin da gero ba ya kai shi ƙarshen shekara ya gano dutsen bayan garinsu kuɗi ne. Tsautsayin shi ne jijiyar dutsen da ke ɗauke da zinaren cike take da dalma. Maza su haƙo a rami, su ɗauko a buhu zuwa gari. A farfasa da guduma, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, a mai da shi gari, a wanke, a shanya a tsakar gida. Mata na cikin kulle, sai aikin ya bi su har gida, wani lokaci a turmin da ake dakan fura. Ƙurar ta kwanta a daɓe, a tabarma, a bakin randa. Yaro mai rarrafe kuwa aikinsa ke nan, hannu a ƙasa, hannu a baki. Uban da ya shigo da buhun nan abinci ya kawo wa iyalinsa, kuma a gaskiya gidaje da yawa sun ga canji: rufin kwano, sabon babur, kuɗin aure.

Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da jami'an Najeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na filin wasan yara a lokacin 400 ne. Yaran da suka rasu aƙalla 400 ne, dubbai suka rayu da gubar a jini. Ƙauyukan su ne Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega. Dalma ba ta barin yaro yadda ta same shi. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta makanta wani, ta shanye jikin wani, wanda ya tashi da alamar lafiya ma karatu na iya yi masa nauyi har girmansa. Maganin da ake bayarwa yana janye dalmar daga jini, amma ba ya gyara abin da ta riga ta ɓata. Yaron nan na asibitin Tokyo da na'ura ke kuka a jikinsa, mun yi dubbansa.

Fina-finan dodo na Japan ba su tsaya kan bam ba, kuma waɗanda suka kauce ɗin sun fi matsowa kusa da mu. Rodan na 1956, shi ma aikin Honda, ya fara ne a ƙauyen masu haƙar kwal a Kyushu. Ruwa ya cika rami, ana tsintar gawarwakin leburori da sara a jiki, kuma kafin a gano ƙwarin da haƙar ta tono, wani lebura ɗan'uwansu aka ɗora wa kisan, har aka taso wa 'yar'uwarsa da tsangwama. Haka muke yi. Duk lokacin da guba ta ɓulla, sanarwar hukuma kan mai diga da shebur take sauka, wanda ya shiga rami da tocila ɗaure a goshi. Dillalin da ke saye a gari, da mai injin, da mai fitar da zinaren har ya isa Dubai, da wanda ya karɓi kasonsa ya kau da kai, su ba sa shiga sanarwa. Ƙurar ma ba ta isa gidajensu.

A 1971 aka yi fim ɗin da Gojira ya kara da Hedorah, dodon da aka gina da dagwalon masana'antu. A lokacin Japan na fama da cututtukan da arzikinta ya haifa. Mafi shahara ita ce ta Minamata, inda kamfanin Chisso ya riƙa zuba zaiba a teku, ta taru a jikin kifi, ta shiga masunta da 'ya'yansu har da na ciki. An gano cutar a hukumance a 1956, amma sai a 1968 gwamnati ta fito ta ce daga masana'antar take. Shekara 12 ana musu ana ci gaba da zubawa. Yarjejeniyar duniya ta 2013 kan taƙaita zaiba sunan wannan gari take ɗauke da shi, kuma Najeriya na cikinta. To zaibar nan ita ce masu wankin zinare ke murzawa da hannu tsirara a cikin kwano don ta kama zinaren, a matse a ƙyalle, a ƙona curin a wuta, hayaƙin ya tashi a shaƙa. Wato a wurin aiki ɗaya muna da guba biyu, ɗaya ta riga ta nuna kanta, ɗayar tana taruwa a hankali a ruwa da jikin mutane.

Labarin Bagega kuwa, da a ce Hideaki Anno ya ji shi, da ya gane shi. Fim ɗinsa Shin Godzilla na 2016, wanda ya biyo bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima na 2011, rabinsa taro ne: dodo na ratsa birni, manyan jami'ai na tashi daga wannan ɗakin taro zuwa wancan suna neman ma'aikatar da abin ya shafa. A Zamfara an tsabtace ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Aikin hannu ne, a kankare saman ƙasar tsakar gida da fartanya, a zuba a buhu, a kai rami a binne, a kawo tsabtatacciya a shimfiɗa, kuma 'yan ƙauyukan ne suka yi shi tare da ma'aikatar muhalli ta jiha da wani kamfanin Amurka, TerraGraphics. Bagega, wadda ta fi girma, aka bar ta. Likitoci ba su iya fara magani ba, domin ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi kan ƙasar da ta sa masa gubar. Yara wajen 1,500 na jira. A Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja, ministocin da aka sa rai ba su zo ba. Naira miliyan 850 da aka yi alkawari ta maƙale. Sai a ƙarshen Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya saki kuɗi, bayan Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money, da Human Rights Watch, sun cika Twitter da Facebook da sunan Bagega.

A nan ma baƙo mai takobi muka jira, kuma ya zo, Allah ya saka masa. Amma baƙo tafiya yake yi. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a farkon 2022, bayan fiye da shekara 11. Dutsen yana nan, dalmar na cikinsa, farashin zinare kuma ya ninka na 2010 ya wuce.

Na san abin da mai karatu a Tsafe zai ce: wa ke da lokacin ƙura alhali ana tare hanyar Funtuwa, ana kwashe mutane a gona, ana sa wa ƙauyuka haraji kafin su yi girbi? Gaskiyarsa. 'Yan bindiga dodo ne da ake gani, yana da babur, yana da suna, yana kiran waya. Shi ya sa ya cinye hankalinmu duka. Ko dokar hana haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta kafa wa Zamfara a Afrilun 2019, tsaro ne dalilinta, yara 400 ba su isa a kafa ta ba. Kuma haƙar ba ta tsaya ba, ɓuya ta yi. Aikin da ya ɓuya kuwa cikin gida yake komawa, inda jami'in lafiya ba ya gani, inda uba zai yi nauyin baki idan ɗansa ya fara jijjiga don kada a tambaye shi sana'arsa. An ɗage dokar a Disambar 2024. A Afrilun 2025 sai ga labarin gubar dalma a Ƙaramar Hukumar Bungudu, har ministan ma'adinai Dele Alake ya umarci masu haƙa ba da izini ba su tattara su bar wuraren. Bungudu ba lungu ba ce, maƙwabciyar Gusau ce, a bakin titin Sakkwato.

Ba na cikin masu cewa fim na warkar da al'umma. Gojira bai hana gwajin bam ko ɗaya ba, kuma fartanya ce ta tsabtace Dareta. Japan ɗin ma ba ta riƙe dodonta da mutunci ba. Kafin shekara 15 ya zama abokin yara, yana rawa, yana da ɗa, yana kare ƙasar daga dodannin sararin sama. A 2015 unguwar Shinjuku ta naɗa shi jakadan yawon buɗe ido. Ƙasar da ta tara sa hannu miliyan 30 ita ce ta wayi gari da tukwanen nukiliya 54 kafin Fukushima. Ɗan Adam na iya sabawa da komai, har ya sayar da shi a kanti. Duk da haka akwai abin da Japanawa suka samu wanda mu ba mu da shi. Duk lokacin da abin ya sake taso musu, suna da siffar da za su koma gare ta, kowa ya gane. Anno ya koma a 2016, Takashi Yamazaki ya koma a 2023 da Godzilla Minus One, wanda ya mayar da labarin kangon bayan yaƙi har ya ci kyautar Oscar. Gubar da ba ta da launi ba ta da wari, sun yi mata jiki mai tsawon mita 50, yaro ma zai iya nuna ta da yatsa.

Mu kuwa mun bar tamu cikin rahotannin Turanci da taron bita a otal. Masana'antar fina-finan Hausa ta haura shekara 30, ta ƙware a soyayya da rikicin kishiyoyi da rabon gado, ta kuma nuna tana iya jan dogon labari mako bayan mako mutane na jira. Ba ina cewa a ɗinka rigar roba a tattake Gusau ta kwali ba, ko da yake wanda ya bi hanyar Tsafe ya ga dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama ya san ƙasar nan ba ta rasa abin cika allo. Abin da nake nufi labari ne da zai shiga tsakar gida: magidancin da zinare ya fitar da shi kunya, matarsa da ke daka, jaririn da ke rarrafe, malamin asibitin da ya gane amma mai injin surukin hakimi ne. Babu mugu ɗaya da za a sare wa kai a ƙarshe, kuma a nan ne marubuci zai nuna gwanintarsa. Matan da ke kulle a Bungudu da Maru da Anka ba za su karanta rahoton CDC ba, amma suna kallon fim a waya, suna sauraron wasan kwaikwayo a rediyo, kuma su ne ke da ikon cewa buhun nan ba zai shigo gidan nan ba.

Sauran aikin na hukuma ne, kuma ba sabo ba ne, an san shi tun 2010. A fitar da niƙa da wanki bayan gari. A jiƙa dutsen kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, dabarar da aka gwada a Jihar Neja bayan gubar da ta kashe yara a Ƙaramar Hukumar Rafi a 2015, aka ga amfaninta. Mai haƙa ya wanke jiki ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Na'urar gwajin dalma a jini 'yar ƙarama ce, ana ɗora ta a tebur, ya kamata a same ta a asibitocin ƙananan hukumomi da kayan aikinta, kada sai an kwashi yaro zuwa Gusau ta hanyar da ake tsoro. Ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, waɗanda su ne za su zauna a ɗakunan shan magani na ƙauye, su fito da sanin cewa yaron da ke jijjiga a garin da ake niƙa dutse sai an tambayi uwarsa inda ake shanya garin. Duk wannan ba zai yiwu ba sai an daina ɗaukar mai diga a matsayin ɓarawon da za a kora, an yi masa rajista an san inda yake.

Sannan a yi abin da 'yar majalisar nan ta fim ta nema. Duk gwajin da aka yi a Bungudu, a fito da sakamakonsa ƙauye ƙauye: yara nawa aka gwada, nawa aka samu da gubar, gidaje nawa ke buƙatar a kankare ƙasarsu, nawa aka ware, wa ke riƙe da kuɗin. A kafe shi a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta shi da Hausa a gidan rediyon jiha, a ba limamai su faɗa ranar Juma'a.